Mai rufe wasa gwarzo ne ko ɗan cin bulus? Hirar besbol da ta rikiɗe ta koma ta sunaye

Ɗan Bronx: Salamu alaikum jama'ar gida. Na san nan fadar 'yan Arsenal da Barcelona ce, amma tunda yau ba wasa, ku ba ni aron tabarma. Jiya da dare na ɗauko wani dattijo daga filin jirgi, yana sanye da rigar Yankees mai lamba 42. Tun da ya shiga mota har na sauke shi a ƙofar gidansa bai yi zancen kowa ba sai Mariano Rivera. Ni ma na biye masa, har na wuce kwanar da zan shiga. Mutum ya yi shekara 19 a ƙungiya ɗaya, daga 1995 zuwa 2013, ya tara ceto 652. Mai bi masa, Trevor Hoffman, 601 gare shi. Ni dai a wurina magana ta ƙare: yawan ceto shi ke nuna gwani. Malam Lissafi, na san kana nan kana leƙe, fito.

Auta: Yaya, ceton me kuma? Ruwa ne ya ci wani?

Ɗan Bronx: Ƙanena zauna ka sha karatu. Wasan besbol zagaye tara ne. Akwai mai jifa da ke fara wasa, shi ke wurga wa masu duka ƙwallo. In ya gaji, ko aka fara jibgarsa, sai koci ya ɗaga waya ya kira wani daga wani shinge da ke can bayan fili, inda masu jifa na ko-ta-kwana ke ɗumama hannu. Su ne masu kai ɗauki. A cikinsu akwai babba, mai rufe wasa, wanda ake ajiyewa sai zagaye na tara, in ƙungiya tana gaba da ɗan maki kaɗan. Ya shigo ya fitar da mutum uku, kowa ya kama gabansa. In ya yi haka ba a farke ba, sai a rubuta masa ceto ɗaya.

Auta: Au, kamar yadda Van Gaal ya sako Tim Krul a 2014 don bugun fenariti kawai?

Ɗan Bronx: Ka kusa. Sai dai wannan kullum ne, sana'arsa ke nan, kuma albashinsa ya fi na wasu da suka wuni a rana.

Malam Lissafi: Wa alaikumus salam. Na fito, Alhaji. Ba ni da ja a kan Rivera, kada ka sa mutane su jefe ni. Da lambar nake rigima, ba da mutumin ba. Bari in faɗa wa Auta sharuɗɗan, ya yi hukunci da kansa.

Kafin a ba ka ceto, dole kai ne ka ƙarasa wasan, ƙungiyarku ta ci, kuma ba kai aka rubuta wa nasarar ba. Sannan ka cika ɗaya daga cikin uku: ko ka shigo kuna gaba da maki uku ko ƙasa da haka ka jefa aƙalla zagaye ɗaya, ko ka shigo alhali mai iya farke makin yana kan tasha (ɗaya daga wuraren tsayawa uku da mai duka ke bi kafin ya zagayo ya ci maki), ko yana riƙe da sanda, ko shi ne mai bi, ko kuma ka jefa zagaye uku na ƙarshe, ko da nawa kuke gaba.

To duba na ƙarshen nan. Ranar 22 ga Agusta 2007, Texas Rangers suka lallasa Baltimore Orioles 30 da 3. Wani yaro Wes Littleton ya shigo suna gaba 14 da 3, ya jefa zagaye uku, abokansa suka ƙara zuba maki 16 a kai. Aka tashi aka rubuta masa ceto. Bambancin maki 27! Don Allah me ya ceta? Da ni aka sa a wurin, da tabarau ɗina da ciwon kafaɗa, ina jin da mun tsira.

Maman Hanif: Malam, da kai aka sa, da har yanzu ana zagaye na bakwai.

Malam Lissafi: Hajiya ke ma kin shigo? To a yi min a hankali.

Ɗan Bronx: Malam ka ɗauko wasa ɗaya cikin dubbai. Irin wannan ai sau nawa yake faruwa?

Malam Lissafi: Na yarda, wannan na ban dariya ne kawai. Ga na kullum. Mutum biyu: na farko ya shigo zagaye na tara, suna gaba da uku, ba kowa a kan tasha. Aka ci shi maki biyu, gumi ya jiƙa shi, da ƙyar ya fitar da na ukun. Ceto ɗaya. Na biyu ya shigo zagaye na bakwai, suna gaba da ɗaya tak, tashoshi uku duk cike da abokan gaba, manyan masu dukansu ne a layi. Ya share su tas, ko motsi ba su yi ba. Shi me aka rubuta masa? Ba ceto. Akwai wata 'yar lamba ta lallashi da ake ba irinsu, wai ya riƙe wasa, amma ba ta cikin ƙididdigar hukuma ma. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kawu Sale: Ni tun ɗazu nake karantawa, ban gane komai ba sai karin maganar nan. Ku ci gaba, ina shan shayi.

Malam Lissafi: Ranka ya daɗe Kawu, abin da zai ba ka mamaki shi ne asalin lambar. Ba daga sama ta faɗo ba. Wani ɗan jarida ne na Shikago, Jerome Holtzman, ya ƙirƙiro ta, kuma haushi ne ya sa shi. A 1959 wani mai kai ɗauki na Pittsburgh Pirates, Elroy Face, ya gama shekara da nasara 18 da faɗuwa 1. Kowa na ta kirari. Holtzman ya bi wasannin ɗaya bayan ɗaya, sai ya tarar a guda 10 daga cikin nasarorin nan Face ne da kansa ya bari aka farke ko aka wuce su, sai abokansa suka sake ƙwato wasan, nasara ta faɗo a kansa. Wato ya ɓata, an gyara masa, an kuma ba shi tukwici. Shi ne Holtzman ya ce a nemo wani ma'auni. Hukumar wasan ta karɓe shi a 1969.

Niyyarsa mai kyau ce. Abin da ya biyo baya ne matsala. An yi mudu don a auna hatsi, sai manoma suka koma noma abin da zai cika mudun. Koci ya daina tambayar kansa yaushe wasa ya fi zafi, ya koma tambayar yaushe dokar ceto ta cika.

Maman Hanif: Nan kam ina bayan Malam, kuma da idona na gani, duk da cewa mu ne muka ci riba. Ranar 4 ga Oktoba 2016, nan Toronto, Blue Jays da Orioles, wasan da duk wanda ya faɗi ya tafi gida. Na dawo daga aikin rana a gajiye, ko kayan aiki ban cire ba na zauna a bakin kujera da kwanon shinkafa a cinya. Orioles suna da Zach Britton. A shekarar nan sau 47 aka ba shi damar ceto, sau 47 ya yi. Zagaye 67 ya jefa, maki 4 kacal aka ɗora masa. Babu mai jifa irinsa a duniya a wannan shekarar.

Wasa ya tsaya 2 da 2. Zagaye na tara ya wuce, ba a kira shi ba. Na goma, ba a kira shi ba. Duk lokacin da kyamara ta haska shingen nan gabana sai ya faɗi, in ce shi ke nan, ga shi nan tafe. Kocinsu Buck Showalter ya yi amfani da masu kai ɗauki shida, ban da shi. A na sha ɗaya ya sako Ubaldo Jiménez. Mutum biyu suka hau tasha, Edwin Encarnación ya zo, jifar farko ya aika ƙwallo cikin 'yan kallo. 5 da 2. Na yi ihun da Hanif ya farka yana kuka, shinkafa ta watse a kafet. Britton kuwa yana can da rigar sanyi, ko jifa ɗaya bai yi ba.

Auta: To me ya hana a sa shi, Anti? Ciwo ya ji?

Maman Hanif: Lafiyarsa ƙalau. Al'ada ce kawai: in kana wasa a gidan wasu kuma ana kunnen doki, wai ka ajiye mai rufewa sai kun shiga gaba, don a samu abin da zai ceta. Kamar a ɓoye maganin da ya fi kyau a kabad ana jiran majinyaci ya fara samun sauƙi tukuna.

Ɗan Bronx: Wannan laifin koci ne, ba na lamba ba. Kuma Hajiya, zagaye na tara daban yake, duk wanda ya taɓa zama a filin nan ya sani. Mutum dubu arba'in da wani abu sun miƙe tsaye, ba ka jin maganar na kusa da kai. An sha ganin yaron da ke yin abin mamaki a zagaye na takwas, a ba shi na tara ƙafarsa ta kama rawa. Lissafi ba ya auna bugun zuciya.

Malam Lissafi: Ba ya aunawa, gaskiya ne. Amma ga 2008. Francisco Rodríguez na Angels ya yi ceto 62, har yau ba a karya ba. A shekarar Rivera ɗinka 39 ya yi. Wa ya fi iya jifa a cikinsu a 2008?

Ɗan Bronx: Tarko ne wannan.

Malam Lissafi: Tarko ne, shigo. Akwai ma'aunin da ake kira ERA, wato matsakaicin makin da ake cin mai jifa a kowane zagaye tara, ban da wanda kuskuren masu tsaron fili ya jawo. Ƙarami ya fi kyau. Na Rodríguez 2.24, na Rivera 1.40. Rodríguez ya zubar da dama bakwai, Rivera ɗaya. Bambancin kawai shi ne Angels sun yi ta cin wasanni da ƙaramin rata, aka yi ta miƙa masa dama har 69. In ka ce yawan ceto ne gwaninta, to ka sa mutuminka a baya da bakinka.

Ɗan Bronx: Na janye rabin maganata. Rabi kawai.

Na Damagaram: Ku dakata haka, kun cika mu da alƙaluma kamar ranar kasafin kuɗi. Ni abin da ya ja ni cikin wasan nan suna ne. Akwai wani ɗan Kanada daga Montreal, Éric Gagné. Mu da muka yi lakwal, gagné da Faransanci ai "an ci nasara" ke nan. Mutum sunansa Nasara, aka ba shi aikin rufe wasa a Dodgers, ya yi ceto 84 a jere daga 2002 zuwa 2004 ba tare da ya zubar da ko ɗaya ba. Suna linzami.

Malam Lissafi: Ka san abin dariyar? A 2003, shekarar da ya yi 55 cikin 55 aka ba shi kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa, nasara 2 aka rubuta masa, faɗuwa 3. Malam Nasara ya fi faɗuwa a takarda.

Na Damagaram: Malam kai ko a ɗaurin aure sai ka ƙirga goro.

Maman Hanif: In suna ake so, ku zo nan. Auta, in mai jifa ya yi jifa huɗu a waje da inda doka ta yarda, mai duka zai tafi tasha ta farko kyauta, ba tare da ya daki komai ba. Jifar nan ta huɗu ana ce mata ball four, ita ce abin kunyar mai jifa. To akwai wani ɗan Ostareliya da ya rufe wa Oakland wasanni, sunansa Grant Balfour. Ka faɗe shi da sauri ka ji. Grant kuma da Turanci "bayar" ne. Wato sunansa gaba ɗaya: bayar da tafiya kyauta.

Auta: Kai! Kamar a samu gola mai suna Rariya.

Kawu Sale: Ko direban tirela mai suna Barci.

Ɗan Bronx: Akwai wanda ya fi shi rashin sa'a. Bob Walk, ya jefa wa Pirates shekaru. Walk shi ne ainihin sunan tafiya kyautar. Da Homer Bailey na Cincinnati, homer kuwa shi ne a maka ƙwallo waje da fili, mafi munin abin da ke samun mai jifa. Amma shi ya ƙaryata sunan, don sau biyu, a 2012 da 2013, yana gama wasa cur ba wanda ya samu bugu mai kyau ko ɗaya a kansa. Su biyun dai masu fara wasa ne, ba 'yan ɗauki ba.

Na Damagaram: To ga na sassan jiki. Rollie Fingers, wato Yatsu. Brad Hand, wato Hannu. Saura a samo Kafaɗa da Gwiwar Hannu a haɗa mutum guda.

Ɗan Bronx: Fingers ai gashin bakinsa ya fi yatsunsa suna. A 1972 mai ƙungiyar Oakland, Charlie Finley, ya ce duk ɗan wasan da ya tara gashin baki zai ba shi dala 300. Shi ne ya tara nasa, ya murɗe bakin biyu suka lanƙwashe sama kamar ƙahon rago. Ceto 341 ya yi. A 1986 Cincinnati suka neme shi, amma dokarsu ita ce kowa ya yi aski tas. Ya ce a kai kasuwa, ya ajiye wasan gaba ɗaya.

Kawu Sale: Wannan dattijon arziki ne. A gaishe shi.

Malam Lissafi: Tunda an zo kan yatsu, bari in jefi tsuntsu biyu. Antonio Alfonseca, ɗan Jamhuriyar Dominika. An haife shi da yatsu shida a kowane hannu, da shida a kowace ƙafa.

Auta: Cindo!

Maman Hanif: Wallahi Cindo ne, har da na ƙafa. Da a Kano aka haife shi ba mai sanin sunansa na yanka.

Malam Lissafi: Su can El Pulpo suke ce masa, sunan wata halittar teku mai hannuwa takwas. To a shekarar 2000 Cindo ya yi ceto 45 a Florida Marlins, ya fi kowa a shekarar, aka ba shi kyautar gwarzon mai kai ɗauki na rukuninsu. ERA ɗinsa nawa? 4.24. Wato kusan maki huɗu da kwata a kowane zagaye tara, abin da ko matsakaicin mai jifa ba zai yi alfahari da shi ba. A wannan shekarar, a rukuni ɗaya, Robb Nen na San Francisco ya yi ceto 41 da ERA 1.50. Ratar ceto huɗu ta sa aka tsallake wanda ya fi shi nesa ba kusa ba.

Na Damagaram: Nen. Ku karanta shi daga dama kamar ajami. Nen ne dai.

Malam Lissafi: Ka ga ni ina kafa hujja, kai kana juya haruffa.

Na Damagaram: Kowa da kiwon da ya karɓe shi, Malam.

Ɗan Bronx: Wanda ya fi ba ni dariya ranar da na fara jin sa a rediyon mota shi ne José Mesa. Mai sharhi yana ta cewa Mesa ya shigo, Mesa ya shaƙe su. Na ce to fa, an sako maciji a fili. Daga baya wani maƙwabcina ɗan Dominika ya ce min da Sifaniyanci tebur ne kawai. Turawan ma Joe Table suke tsokanarsa da shi.

Maman Hanif: Mesar da ta haɗiye mutum 321, ta zo kan wanda ya fi muhimmanci ta ƙware. Wasa na bakwai kuma na ƙarshe na World Series, wato karawar ɗaukar kofin shekara, 1997, Cleveland suna gaba 2 da 1 a zagaye na tara, saura mutum uku su ɗauki kofin da rabonsu da shi tun 1948. Mesa ya bari aka farke, Marlins suka cinye a na sha ɗaya.

Ɗan Bronx: Kin ga abin da nake faɗa wa Malam ke nan. Zagaye na tara yana cin mutum. Shi ya sa nake ɗaga Rivera. Bar 652 ɗin ma. A wasannin kofi na ƙarshen shekara, inda ba ka haɗuwa da kowa sai manya, ya jefa zagaye 141, ERA ɗinsa 0.70. Maki 11 aka ɗora masa a duk tsawon shekarun nan. Mutanen da suka taka duniyar wata su 12 ne. Ka ji fa.

Kuma da jifa iri ɗaya ya yi wannan aiki. Wasu na da salo huɗu ko biyar, shi ɗaya ne, kowa ya san ita ce tafe. Ƙwallo za ta taho sak kamar ba za ta kauce ba, sai dab da sanda ta ɗan zame gefe, ta daki siririn wurin kusa da hannu, sanda ta tsage. Shi da kansa ya ce a 1997 ya tsince ta yana wasan jefe-jefe da abokinsa Ramiro Mendoza, kuma kyauta ce daga Allah. A shekararsa ta ƙarshe Minnesota Twins suka ba shi kyautar kujerar lilo da aka harhaɗa da karyayyun sanduna. Ɗan masunci ne daga wani ƙauyen bakin teku a Panama. A 2019 masu zaɓe 425 suka kaɗa ƙuri'ar shiga zauren gwarazan wasan, duka 425 suka zaɓe shi, abin da ba a taɓa yi wa kowa ba.

Malam Lissafi: Alhaji ka lura kuwa? Duk hujjojin da ka kawo yanzu, ba ɗaya da ta dogara da yawan ceto. Ka dawo gidana ba ka sani ba.

Ɗan Bronx: Ban dawo ba, leƙowa na yi.

Auta: Shi ba a taɓa cin sa ba ke nan?

Ɗan Bronx: Auta kar ka tono min 2001. Wasa na bakwai da Arizona. Wata 'yar ƙwallo marar ƙarfi da Luis Gonzalez ya ɗaga ta faɗa bayan masu tsaro. Ban ci abinci ba ranar. A wuce wurin.

Kawu Sale: Ni tambayata ɗaya ce. Mutum ya fitar da mutum uku kawai ya tafi gida a biya shi miliyoyi? A da ma haka ake yi, ko lalacin yaran zamani ne?

Malam Lissafi: Kawu ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. A 1974 Mike Marshall na Dodgers ya shiga wasa 106 cikin 162, ya jefa zagaye 208 da ɗoriya, duk a matsayin mai kai ɗauki. Ceto 21 kacal ya samu. Rodríguez mai 62 zagaye 68 ya jefa, kashi ɗaya cikin uku na aikin Marshall. A zamanin su Marshall da Fingers da Goose Gossage, ana ce wa irinsu 'yan kwana-kwana, don inda wuta ta tashi nan ake kiran su, ko a zagaye na shida ne, kuma su ƙarasa wasan. Sai wajen ƙarshen shekarun 1980 Tony La Russa a Oakland ya mayar da Dennis Eckersley kusan na zagaye na tara zalla. Abin ya yi kyau ƙwarai, a 1990 maki 5 aka ɗora wa Eckersley duk shekara, kowa ya kwaikwaya.

Amma in yi adalci, ba lalaci ba ne. Wanda ya san mutum uku zai fuskanta yana zuba duk ƙarfinsa a kowace jifa. Aroldis Chapman ɗan Kuba ya yi jifar da ta kai kilomita 170 a awa a 2010, kuma tsakaninsa da mai duka bai kai mita 19 ba. Ba kafaɗar da za ta yi haka zagaye 200.

Na Damagaram: Goose kuma dinya ce. Ƙato mai gashin baki kamar ɗan dambe, ana kiransa Dinya.

Malam Lissafi: Har wani masanin alƙaluma, Nate Silver, ya ƙirƙiro sabon ma'auni a 2017 ya sa masa suna ƙwan dinya don girmama shi, tunda sifili kamar ƙwai yake. Duk zagayen da ka jefa daga na bakwai zuwa sama, wasa na kunnen doki ko kuna gaba da bai wuce biyu ba, ba a ci ka ba, ƙwai ɗaya. Ni ya fi kwanta min a rai.

Maman Hanif: Ya kwanta maka, amma ba wakilin ɗan wasa da zai shiga ofis ya ce a ƙara wa yarona albashi, ya saka ƙwai arba'in.

Auta: Hhhh Anti kin gama da Malam. To wai duk a cikinsu ba ɗan Afirka?

Ɗan Bronx: Akwai. Na farko da aka haifa a Afirka ya tashi a can har ya kai babbar gasar shi ne Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu, a Pirates, 2017. Mai tsaron fili ne. Sunansa Kyauta ke nan da Hausa. Bayansa Tayler Scott ɗan Johannesburg ya zo a 2019, shi kam mai kai ɗauki ne.

Na Damagaram: Akwai kuma wanda ya yi abin da muka sani a ƙwallon ƙafa. Mai rufe wa Marlins wasa, shekara da shekaru ana kiransa Leo Núñez. A 2011 ta fito cewa sunan abokinsa ne ya ara tun yana yaro don ya rage shekara ɗaya. Sunansa na gaskiya Juan Carlos Oviedo.

Kawu Sale: Shekara ɗaya tak? Bai iya ba. A turo shi nan a koya masa.

Maman Hanif: Shi ma Britton ɗin da aka bari a shinge, a 2019 ya fito ya ce shekara da shekaru ana rubuta sunansa ba daidai ba, Zack ne da k, ba Zach ba. Watakila shi ya sa koci bai same shi a takarda ba ranar.

Ɗan Bronx: Na ƙarshe daga wurina, don an kira ni ɗaukar fasinja. Oktoban 2020, Dodgers da Atlanta Braves, wasan neman zuwa World Series. Mai jifa Will Smith, mai duka Will Smith. Ba ɗan fim ɗin ba, wasu biyu ne daban. Takwara ya kalli takwara, na Dodgers ya maka ta waje, maki uku. Mai sharhi ya rasa yadda zai faɗa.

Auta: Allah sarki, takwara bai yi kara ba.

Ɗan Bronx: Kar ka tausaya masa. Wanda aka daka ɗin ya ɗauki kofi da Braves a 2021, da Houston a 2022, da Texas a 2023. Shekara uku a jere, riga uku daban.

Malam Lissafi: Kuma a 2022 ko jifa ɗaya bai yi ba a wasannin kofin, aka ba shi zoben zakarun kofi. Auta, rubuta wannan a ƙarƙashin Wes Littleton.

Auta: Na rubuta. Yaya, ƙarfe nawa ake fara wasan Yankees a agogonmu? Ina so in ga mai rufewar nan da idona.

Ɗan Bronx: In sun fara bakwai na yamma a nan, sha biyun dare ke nan a wurinku. Zagaye na tara sai wajen biyu da rabi.

Auta: To a tashe ni biyu da kwata. Mutum uku kawai zan kalla in koma barci.

Maman Hanif: Malam, a rubuta wa Auta ceto ɗaya.